Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar A-kori-kura Mai Shan Gas

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka, daga nan Bauchi. Wasiƙun da suka taru mana a makon nan kusan duk a kan abu guda suke, wato tsofaffin a-kori-kura masu shan gas (dizal), irin waɗanda ke kwaso buhuna daga kasuwannin ƙauye su sauke a Muda Lawal. Don haka muka ɗauko dattijon makaniken da ya yi furfura a kan injin gas. Baba, sannu da zuwa.

Baba: Yauwa ɗana, sannu kadai. Ya aiki, ya mutanen gida?

Mai gabatarwa: Alhamdu lillahi. Wasiƙar farko daga Darazo take. Mai ita ya ce: "Ina da tsohuwar Hilux mai injin 3L. In ta kwana, da safe sai ta tashi ta yi kamar sakan biyar ta mutu, daga nan sai in yi ta yi mata ki har batir ya kusa sauka. Amma in ta kama, yini guda ba ta sake ba ni matsala. An ce famfon injekta ne, in kawo kuɗi a kwance shi."

Baba: Ya bar kuɗinsa a aljihu tukuna. Famfon da ya lalace ba ya warkewa da hantsi. Motar da za ta yini tana aiki, ta ɗauki kaya, ta hau tudu, famfonta bai mutu ba. Iska ce ke shiga layin mai. Ka lura da maganarsa, ya ce tana tashi ta yi sakan biyar sannan ta mutu. Wannan ɗan tashin, ragowar man da ya kwana a cikin famfo ne ta ƙona. Da ya ƙare ta zuƙo na cikin tiyo, sai ta tarar babu komai sai iska, domin cikin dare man ya sulale ya koma tanki.

Abin da ke rikita yara a gareji shi ne ba sa ganin yoyo. Sai su leƙa ƙarƙashin mota su ce ai ko ɗigo babu. To irin waɗannan motoci ba su da wani famfo a cikin tanki da ke turo mai gaba, famfon injekta, wanda ke tura mai cikin inji, shi ne ke zuƙo shi tun daga baya. Layin da ake zuƙa kuwa in ya tsage, mai ba ya fita waje, iska ce ke shiga ciki. Duk wanda ya taɓa zuƙo mai daga tanki da tiyo mai huda ya san abin da nake faɗa.

Ga abin da zai yi gobe da asuba, kafin ya taɓa ki. Ya ɗaga bonet. A saman filtar mai akwai wani baƙin maɓalli mai faɗi da ake dannawa da tafin hannu. Ya yi ta danna shi. In ya ji shi lagwaf da farko, sai da ya danna sau ashirin ko talatin kafin ya yi tauri, sannan ya yi ki ta tashi ba ta mutu ba, to an kama ɓarawo, saura a gano ta inda yake shigowa.

Mai gabatarwa: Ta yaya za a gano, Baba, tunda ba a ganin iska?

Baba: Ana ganinta mana. Ya sayi farin tiyo wanda ake hango abin da ke cikinsa, kamar kamu biyu, ya sa tsakanin filta da famfo, ya tayar da mota ya zuba ido. In kumfa na bin man kamar jerin tururuwa, daga baya iskar ke zuwa. Wuraren da na fi kama ta ba su da yawa. Na farko shi kansa wannan maɓallin dannawa, akwai roba a cikinsa da ke tsagewa in ta tsufa. Sai robar bakin filta, musamman in wanda ya canza filtar ya bar tsohuwar robar a maƙale ya ɗora sabuwa a kanta. Sai marfin da ke ƙasan filta inda ake zubar da ruwa, shi ma roba gare shi. Sai bakin tiyo inda aka ɗaure, nan yake fara tsattsagewa saboda zafin inji. In yana son ya tabbatar baki ɗaya, ya zuba gas mai tsabta a ƙaramar jarka, ya ajiye ta sama da inji, ya ja tiyo daga cikinta kai tsaye zuwa famfo, ya bar motar ta kwana haka. In ta tashi da safe ki ɗaya, famfo ya fita daga zargi. Duk wannan aikin bai kai kuɗin motar da zai hau ya kawo famfon Bauchi ba.

Mai gabatarwa: To Allah ya sa ya ji. Ta biyu daga wani direba ne da ke bin hanyar Jos. Ya ce daga Bauchi zuwa Nabordo motarsa lafiya lau, amma da ya wuce wajen Toro ya fara hawa sai ta riƙa zubo baƙin hayaƙi, ba ƙarfi, sai ya dawo giya biyu. Ya ce wani ya "ƙara mata mai" a jikin famfo, hayaƙin ya ƙaru, ƙarfin kuwa bai taka kara ya karya ba.

Baba: Ai ba zai ƙaru ba. Wanda numfashinsa ke sarƙewa ba tuwo za ka ƙara masa ba. Baƙin hayaƙi ma'anarsa ɗaya ce, mai ya fi iska yawa, ragowar da bai ƙone ba shi ke fita ta salansa. Kuɗin mutumin nan ne ke tashi sama yana kallo ta madubi.

Da farko ma hanyar tana da nata laifin. Bauchi tana wajen mita 600 sama da teku, Jos kuwa ta kai wajen mita 1,200. Kana hawa iska na raguwa. Injin Toyota samfurin 2L da 3L da 5L na yau da kullum ba su da turbo, abin da suka shaƙa da kansu shi ke nan, don haka ko lafiyayyar mota sai ta ɗan rage ƙarfi a can sama, ta ɗan yi hayaƙi in an take ta. Amma in abin ya kai ga giya biyu, to da wata a ƙasa.

Ya fara da filtar iska. Yanzu da hunturu, motar da ke shiga hanyoyin ƙauye a bayan tirela da tifa, sati biyu ma ya isa ta toshe. Ya ciro ta ya ɗaga ta wajen rana, in haske ba ya ratsa takardar ya jefar. In za a hura ta da iskar faci, daga ciki ake hurawa zuwa waje, kuma a daina buga ta da ƙasa, takardar na yagewa, ƙura ta wuce ta cinye ringi. Sannan ya sa yaro ya taka totur shi kuma yana kallon babban tiyon da ke kai iska inji. Wani in ya tsufa sai ya motse in an taka, kamar makogwaron da aka shaƙe, in an saki ya koma daidai, ba wanda zai gane. Bayan nan salansa. Motar da ta daɗe tana wannan hayaƙin, tukunyar salansarta cike take da baƙin toka, numfashi ba ya fita balle wani ya shiga.

In duk waɗannan lafiya, sai nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji. A ciro su huɗun a kai wa masu gwada su a kan na'ura, ya tsaya a gwada a gabansa. Mai kyau feshi yake yi kamar hazo, ya yanke tsaf. Wanda ya gaji tsartuwa yake yi ko ɗiga. A nan ina jan kunnen yara: kada wanda ya kuskura ya tara yatsa a bakin nozul. Tayar mota bar 2 ko 3 ake hura mata, shi kuwa nozul sai ƙarfin mai ya haura bar 100 yake buɗewa. Yana huda fata ya shige nama, kuma ciwon da ake yi wa kallon ƙaramin tabo yana iya kai mutum ga rasa yatsa.

Shi kuma sukurun famfon da aka murɗa don ƙara mata mai, a mayar da shi inda yake. Ba banza kamfani ya rufe shi da hatimi ba. Yawan mai ba iska zafi yake ƙara wa kan inji, kuma kan waɗannan injuna ba ya haƙuri da zafi, tsagewa yake yi.

Mai gabatarwa: Ba zai yiwu kuloci ne ba, Baba? Ni tawa ta taɓa yi mini haka a tudu.

Baba: Taka ai mai fetur ce ɗana, amma tambayar ta yi ma'ana. Kunne ke raba su. In ka taka totur inji ya ɗaga murya amma mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ne ke sulɓewa, har ƙauri za ka ji. In kuwa ka taka muryar injin ta ƙi tashi, tana ma nitsewa, inji ne ba ƙarfi. Akwai na uku da ake mantawa, birkin da ya riƙe. Bayan tafiya ya sauka ya kai hannu kusa da kowane wili, in ɗaya ya fi sauran zafi, motar na jan kanta ne da birki a ɗaure. Sai na huɗu wanda direbobi ba sa son a faɗa: motar da aka ƙera don tan ɗaya, an ɗora mata buhun masara ashirin da biyar, mutum goma a sama. Wannan ba makanike ke gyara shi ba.

Mai gabatarwa: Direbobi kun ji. Wannan kuma wata Hajiya ce daga Azare. Ta ce mijinta ya rasu ya bar mata a-kori-kura, direba ke ja yana kawo balas. Tunda sanyi ya shigo motar ba ta tashi da safe sai an tura, in ta tashi kuma farin hayaƙi ya cika unguwa, tana karkarwa, bayan minti biyu sai ta daidaita. Direban ya ce inji ya gama, ta sayar ko ta sayi wani. Tana neman shawara.

Baba: Allah ya jiƙan maigidan, ya sa ya huta. Hajiya, kada ki sayar a kan wannan maganar. Ban ce direbanki na cutar ki ba, wataƙila iyakar saninsa ke nan, amma injin da ya gama ba ya daidaita bayan minti biyu.

Injin gas ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi kamar na fetur. Iska yake matsewa, a irin na Toyota ɗin nan har kusan ninki 22, matsin ya sa ta yi zafin da in an fesa mata gas sai ya kama da kansa. To da asubar hunturu a Azare ƙarfen inji ya yi sanyi ƙalau, yana shanye zafin kafin mai ya kama. Shi ya sa aka sa masa hita guda huɗu, kowace silinda da nata, waɗanda ke yin ja zur in an murɗa ki kafin a tayar. Wannan 'yar fitilar mai kamar murɗaɗɗiyar waya a gaban direba, tasu ce, ana jira ta mutu kafin a yi ki. In biyu daga cikinsu sun ƙone, silinda biyu ne za su kama, sauran biyun su riƙa fitar da ɗanyen gas. Shi ne farin hayaƙin, shi ne karkarwar. Da inji ya ɗumama sai su ma su shigo, mota ta daidaita. Da bazara ba a gane sun mutu, sanyi ne ke tona musu asiri.

Ki sa mai wayarin ya cire ƙarfen da ya haɗa kawunansu, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya da fitilar gwaji, ya kuma duba ko wuta na zuwa musu ma, don wani lokaci fis ne ko rile. In za a canza a canza huɗun tare, kuma a duba lambar da ke jikin tsohon, domin ba duka ƙarfin wutarsu ɗaya ba. A duba batir shi ma, injin gas in bai juya da sauri ba ba ya tashi.

Sannan Hajiya, hancinki ma zai yi miki aiki. Ki tsaya bayan motar da safe. In hayaƙin na da warin gas yana sa ido yaji, mai ne bai ƙone ba. In kuwa ba ya yaji, yana bajewa nan da nan kamar tururin tukunya, kuma kullum sai an ƙara ruwa a lagireto, to ruwa ke shiga inji, gaskit ne ko kan inji, wannan aiki ne babba amma shi ma ba mutuwar inji ba ce. In hayaƙin shuɗi-shuɗi ne kuma baƙin mai na raguwa, a nan ne za a fara maganar ringi. Ko shi ɗin ma ba da baki ake yanke hukunci ba. A bar ta a silo, tana aiki ba a taka totur ba, a kwance marfin baƙin mai a ɗora shi a bakin ba tare da an ɗaure ba. In ya zauna yana ɗan rawa, da sauranta. In iska na cilla shi, hayaƙi na bulbulowa kamar bututun injin niƙa, ta gaji. Akwai kuma agogon auna matsi, lafiyayyen 3L yana ba da wajen bar 30, in ya sauka ƙasa da 20 shi ne ya gama. Duk wanda ya ce miki inji ya mutu, ki ce ya nuna miki wannan lambar.

Abu ɗaya zan roƙe ki: ki hana a riƙa kara mata tsumman fetur a bakin iska don ta tashi. Yana tayar da ita, ba ƙarya, amma bugun da yake yi a ciki shi zai kawo mutuwar injin da ake miki magana.

Mai gabatarwa: Allah ya saka da alheri. Daga Ningi wani ya ce tasa sai ta yi kilomita ashirin ko talatin lafiya, sai ta fara shaƙewa ta mutu. In ya jira minti goma ta tashi, ta sake yin wasu ashirin ɗin.

Baba: Wannan ta tuna mini da ƙuruciya. Ina yaron gareji aka kawo mana irinta, maigidana ya sa muka kwance famfo har sau biyu, mai mota ya biya, ba ta daina ba. Ranar da muka sauke tanki sai ga guntun leda a ciki, irin wadda ake toshe bakin jarka da ita. In mota na tafiya sai zuƙa ta jawo ta ta manne a bakin bututu, in an kashe ta saki ta koma yawo. Har yau in na tuna kuɗin bawan Allahn nan sai in ji kunya.

Shi na Ningi, in ta sake mutuwa ya sauka nan take ya buɗe marfin tanki yana saurare. In ya ji ta ja iska fuuu, ƙofar numfashin tankin ce ta toshe, galibi laka ce ko gidan zanzaro. In bai ji komai ba, a canza filta, a zubar da ruwan da ke ƙasanta, a sauke tanki a wanke. In kuma mutuwar farat ɗaya ce kamar an kashe ki, musamman a gargada, ya duba wayar nan guda ɗaya da ke shiga bayan famfo. Ita ke buɗe wa mai hanya, in ta yi sako-sako rami ɗaya ya isa ya kashe mota.

Mai gabatarwa: Baba, tun ɗazu kana wanke famfon nan. Ko dai ba ya lalacewa ne?

Baba: Yana lalacewa mana. Karanto ta Alkaleri ɗin nan da ka nuna mini a waje.

Mai gabatarwa: Ya ce tasa Isuzu ce. Da safe ki ɗaya take tashi, amma in ta yi tafiya ta yi zafi ya kashe ta, ba ta sake tashi sai ta huce kamar awa guda. Wani ya koya masa zuba ruwa a kan famfo, kuma in ya zuba tana tashi. Ya ƙara da cewa yawanci a wajen 'yan bumburutu yake shan mai saboda aikinsa a daji ne.

Baba: To wannan kam famfo ne, kuma ya faɗi dalilin da bakinsa. In sitata na juyawa da ƙarfinta yadda ta saba amma mota ta ƙi kamawa sai an sanyaya famfo, kan famfon ya cinye. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe da ke kai da komo a rami, an daidaita su ta yadda ko gashi ba zai shiga tsakaninsu ba. In sun goge juna, da safe gas na da kauri yana toshe giɓin, in ya yi zafi sai ya tsinke kamar ruwa ya riƙa zillewa ta gefe, ƙarfin da zai buɗe nozul bai samu ba. Ruwan da yake zubawa motse ƙarfen yake yi na ɗan lokaci. A matsayin gwaji ya isa haka, ya daina, domin ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi wata rana kama shi zai yi ya tsaya cak a tsakiyar daji.

Abin da ya cinye shi kuwa, irin wannan famfon ba baƙin mai ke shafa shi ba, gas ɗin da ke ratsa shi shi ne man shafawarsa. In an sirka gas da kananzir santsin ya ragu, in da ruwa a ciki ga tsatsa, in da ƙasa kuma ai niƙa ake yi. Ban ce duk mai sayarwa a jarka algus yake yi ba, amma wanda ba shi da zaɓi ya riƙa zuba kaɗan a farar kwalba ya ajiye ta minti goma, ruwa da datti ƙasa suke kwanciya. Ya tace da kyalle mai tsabta, ya riƙa kwance marfin ƙasan filta duk sati ya zubar da abin da ya taru.

In ya kai gyara, ya ce a nuna masa tsohon kan da aka cire. Kuma in an mayar da famfo a jiki a daidaita lokacin feshinsa da kyau. In ya yi gaba da yawa inji zai riƙa ƙara kamar ana buga guduma, in ya yi baya ga farin hayaƙi ga rashin ƙarfi, sai mai mota ya ce an ɓata masa famfo alhali ɗaurin ne bai zauna ba.

Mai gabatarwa: Lokaci ya kusa cim mana, ga wata gajeriya daga Dass. Ya ce wata fitila mai rubutun T-BELT ta kama a Hilux ɗinsa, mota kuwa lafiyarta ƙalau, sai mai wayarin ya cire masa ƙwan.

Baba: Subhanallahi. Ƙwan ba shi da laifi, ƙirga tafiya yake yi. A waɗannan injuna fitilar na kamawa ne in an cika kilomita 100,000, tana cewa a canza bel ɗin taimin. Bel ɗin nan ba ya ciwo kafin ya mutu, yau lafiya gobe ya tsinke, in ya tsinke kuwa fistin ya haɗu da bawul, aikin kwana ɗaya ya koma na sauke kan inji. Ya canza shi a satin nan, tare da boris ɗin da ke ɗame shi, a duba ko baƙin mai na ɗiga a kansa, a mayar da ƙwan, a sake saita ƙirgar.

Mai gabatarwa: Baba mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na Misau mai tambaya a kan motar da aka cire wa tamostat, da na Jama'are mai ƙarar giya, wasiƙunku na nan a hannunmu, da su za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Baba: Na Misau ɗin ya nemo tamostat ɗin ya ajiye kafin ranar, kada a ce an jefar.